Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Labaran Aljanu Da Masu Zana Musu Bango

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku, ƙannena da 'ya'yana marubuta, maza da mata, tare da ku matasan da kuke haɗa bangon littafi a waya da kwamfuta. Ni ba marubuci ba ne, sana'ata ɗab'i. Da sassaƙa hatimin roba da reza na fara tun ina ɗan shekara 15, na koma aikin sikirin, yanzu kuma ina da ɗan injina a wani lungu cikin birnin Kano inda wasunku suke kawo mini aiki. Sama da shekara 30 ke nan tawada ba ta bar ƙarƙashin farcena ba. Kuma ni makarancinku ne. Wanda aka buga a takarda ina karantawa tun kafin ya bushe, wanda kuke sakewa shafi-shafi a WhatsApp yarana suna turo mini, wanda ake karantawa a YouTube kuma shi ke taya ni hira idan aikin dare ya kama. Don haka maganar da zan yi ta ɗan gida ce.

Kwanakin baya wata yarinya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, ta zo da rakiyar yayanta za a buga mata littafi. Na karanta labarin a daren, kuma wallahi yarinyar ta iya zance. Wata mata ce kishi ya rufe wa ido, ta bi ƙawa zuwa wurin boka a wani ƙauye bayan dutse, abin da ta shuka kuma ya dawo kan ɗanta. Amma da na buɗe hoton bangon sai na ga kan bunsuru a cikin tauraro mai tsini biyar a kife, ga jajayen kyandura, ga ƙoƙon kan mutum. Da ta dawo na ce mata, "'Yata, wannan bunsurun a wane shafi ya fito cikin labarin?" Ta ce, "Baba, ai alamar tsafi ce, haka ake sawa." Na ce, "Su wa suke sawa?" Sai ta yi shiru tana murza bakin mayafinta.

Ban ga laifinta ba, don abin da ta buɗe ido ta gani ke nan. Amma bunsurun nan yana da iyayen gidansa. Wani Bafaranshe ne mai suna Éliphas Lévi ya zana mutum mai kan bunsuru da fukafukai a littafinsa wajen 1856, ya laƙaba masa sunan wani gunki da Sarkin Faransa ya zargi wata rundunar mayaƙan coci da bauta wa a 1307, zargin da aka tatso shaidarsa daga bakin mutane da azaba. Kan bunsuru a cikin kifaffen tauraro kuwa wani Bafaranshen ne daban, Stanislas de Guaita, ya buga shi a 1897, daga baya wata ƙungiya da aka kafa a San Faransisko ta Amurka a 1966, mai kiran kanta cocin Shaiɗan, ta mai da shi tambarinta. Rigima ce ta Turawa da cocinsu, tana da tarihinta da dalilanta a can. Bokan da ke zaune bayan dutse da ƙwaryarsa da jan ƙyallensa da baƙin zakaransa bai taɓa jin labarinta ba. Haka ido ɗaya a cikin dala da kuke liƙa wa kowane attajirin da ya yi kuɗin jini a labaranku. Ƙungiyar Illuminati da ake jingina wa alamar an kafa ta a Bavariya ta Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara 10. Me ya haɗa ta da Alhajin da ya kai ɗan ƙaninsa wurin matsafa a labarinki, 'yata?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kayan aron nan ba sa tsorata kowa. Mai karatu ya gan su sau ɗari a finafinan waje, idonsa ya saba. Ni kuwa har yau, da furfurata, ba na iya watsa ruwan zafi a tsakar gida ban yi bisimilla ba. Idan almuru ta kawo kai na ga jikana a ƙofar gida sai na ce a shigo da shi. Kakata ba ta taɓa kiran sunansu da dare ba, sai dai ta rage murya ta ce "mutanen ɓoye", kuma wannan rage muryar ya fi duk wani ƙoƙon kai sa tsikar jiki ta tashi. Muna da tsamiyar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, da kukar da ake kewaye wa, da juji, da tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba ba wanda ya faɗi dalili. Muna da kurciya, wadda ake cewa tana sa magidanci ya fita sayo goro ya yi shekara 20 bai waiwayo gida ba. Ku tsaya ku auna wannan kaɗai: matar da ta zuba tuwo ta rufe tana jira, da yaron da ya girma yana kallon ƙofa. Akwai farraƙu, akwai mallaka, akwai kambun baka, akwai sagau da tauri da layar zana. 'Yan bori suna da birni guda na iskoki da suke kira Jangare, da sarkinsa da fadawansa, kowane iska da kirarinsa da kiɗansa na garaya ko goge da irin tufafinsa: Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta da caca, Malam Alhaji mai tari da tasbaha, Sarkin Rafi, Kure, Inna wadda ake danganta shanyewar jiki da ita. Ban ce ku je a yi muku girka ba, Allah ya tsare. Na ce ne wanda zai rubuta labarin mutanen da suka yarda da waɗannan abubuwa, ya san yadda suke magana da abin da suke tsoro. Magabatanku ma da suka shiga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, irin su Abubakar Imam da Bello Kagara, sai da suka kai taurarinsu ƙasar aljanu, kuma da Hausar gida suka kai su.

To, amma akwai wani ɓangaren da ya fi wannan nauyi, shi ne na waɗanda suka juyo gida suka ɗebo abin da bai kamata a ɗebo ba. Wani saurayi ya taɓa kawo mini hoton shafi daga kundin kakansa: hatimi ne mai gidaje, an kewaye shi da ayoyi da sunayen Allah, shi kuma ya sa an zuba masa jini yana ɗiga ta gefe don ya zama bango. Na ce masa ba zan buga ba ko nawa zai biya. Ya ji haushi, ya ce ai talla ce kawai. Na ce masa, "Ɗana, ni na san inda takarda take ƙarewa." Wadda ta lalace a inji, da wadda ta yi kwantai, da wadda aka karanta aka yar, a hannun mai ƙosai da mai tsire take kwana, daga nan sai kwata. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, yakan ce kuskuren alƙalami ɗaya ne, na inji kuwa dubu. Mai sassaƙa hatimin roba a juye yake rubutu, daga ƙarshe zuwa farko, don haka dole ya san kowane harafi ciki da bai kafin ya ɗora reza. Wanda bai san abin da yake sassaƙawa ba, sai ya buga ya ga abin da ya yi, a lokacin kuwa ya riga ya bazu.

Har a cikin labarin ma na ga masu kwafo ɗalasimai na gaske da ƙa'idojin aikinsu, adadi kaza, dare kaza, turare kaza, wai don labari ya yi armashi. Ku ji tsoron Allah. Cikin masu karanta ku akwai wadda aka yi wa kishiya jiya, zuciyarta tana tafasa, akwai wanda kasuwa ta karye masa. Kun miƙa musu wuƙa ke nan. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Manzon Allah (SAW) ya lissafa, kuma ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Labari yana iya nuna mace ta shiga ɗakin boka, mu ji warin turaren, mu ga hannunta yana rawa, mu ji abin da aka nema a wurinta, ba tare da an koya mana karatun ba.

Bari in ɗan daɗe a kan hatimin nan, don a nan ne na fi ganin asarar da rashin sani yake ja mana. Wani malamin zane da ya yi karatu a Zariya ya taɓa nuna mini wani hoto a littafi, aikin Albrecht Dürer, mutumin Nurembag ta Jamus, wanda ya karce shi a farantin jan ƙarfe a 1514. Wata halitta ce mai fukafukai ta yi tagumi, kayan awo da na sassaƙa a warwatse a gabanta, kare a kwance duk haƙarƙari. Malamin yana yi mini bayanin yadda ake cika karcen da tawada a goge saman farantin a danna takarda mai laima, ni kuwa idona yana kan bangon da ke bayan halittar. Hatimi ne, gida huɗu-huɗu, gidaje 16. Na ɗauki biro na fara tarawa. Layin sama 16 da 3 da 2 da 13, ya ba ni 34. Na sauko, 34. Na bi ta tsaye, na bi ta kusurwa, duk 34. A layin ƙasa kuma gidaje biyun tsakiya 15 da 14 ne, wato shekarar da ya yi aikin. Masanan zamaninsa suna danganta wannan hatimin da tauraron Mushtari, wai yana maganin baƙin cikin da tauraron Zuhal yake saukarwa, kuma ta hanyar littattafan Larabci da aka fassara a Andalus ilimin ya isa gare su.

Na yi shiru, don irinsa na taso ina gani. Ƙaramin cikinsu mai gida uku-uku kowane almajiri ya san shi: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta ko'ina ka bi 15 ne. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, idan aka mai da su haruffa da lissafin abajada su ne suke ba da kalmar buduhu. Kuma ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta sani a wannan fanni Bakatsine ne, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi a 1732 yana bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Misira, a can ya rasu a 1741. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa har gobe. Ra'ayina a nan a fili yake. Lissafin da ke ciki ilimi ne tsaftatacce, abin a koya wa yara a aji. Jingina wa lambobi ikon jawo arziki ko juya zuciyar mutum kuwa shi ne abin da malamai suka yi hani da shi, ina kuma tare da su. Sai dai ku duba: Bajamushe ya ɗauki hatimi ya sa a hoton da ya shekara 500 ana kallo, don ya nuna mutumin da ilimi ya cika masa kai amma hankalinsa bai kwanta ba. Mu da muke da Bakatsinen, wa ya rubuta labarin almajirin da ya gano yadda gidajen suke haɗuwa, sannan mutane suka fara zuwa da kuɗi suna neman ya yi musu abin da ya san lambobi ba sa yi? Wannan labari ne mai duhu na gaske, kuma ba sai an buga aya ko ɗaya a bangonsa ba.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan. A Osogbo, wani matashi da ake kira Twins Seven-Seven ya shiga bitar zane a 1964. Iyayensa sun haifi tagwaye sau bakwai shi kaɗai ya rayu, abin da Yarabawa suke kira abiku, mu kuma mu ce ɗan wabi. Halittun tatsuniyoyin ƙabilarsa ya riƙa zanawa yana bugawa, har ya rasu a 2011 duniya tana neman aikinsa. Bruce Onobrakpeya a nan Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958 suna cewa a haɗa dabarar Bature da abin gida, ya kuma shafe rayuwarsa yana buga almarar mutanensa Urhobo. A Sudan, Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin allo daga Omdurman, ya riƙa lanƙwasa haruffan Larabci yana karya su har su zama fuskoki da inuwoyi. Mu ma muna da zayyanar allon sauka, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi, da zanen ƙwarya, da adon bangon soro. Mai ido zai fitar da abin tsoro da abin sha'awa daga waɗannan ba tare da ya taɓa alfarmar komai ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni barci har na ɗauki biro. Maita. Kusan duk labarin da na karanta a cikinku, mayya tsohuwa ce, matalauciya, mai jan ido, mai zama ita kaɗai. Ni na san wannan tsohuwar. A unguwarmu take lokacin ina yaro, daddawa take sayarwa, hayaƙin murhu ne ya rina mata ido. Wani yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin sambatu ya kira sunanta. Kafin la'asar an cika ƙofar gidanta. Aka fito da ita ba ko mayafi, aka ce sai ta tsallaka shi ta sakar masa kurwa. Ina ganin ƙafarta tana karkarwa lokacin da ta ɗaga, tana cewa, "Ni Allah ya sani, ni Allah ya sani." Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti, amma ba wanda ya koma ya ba ta haƙuri. Aka daina sayen daddawarta. Mu yara idan mun hango ta sai mu tofa yawu mu ce kurwata kur, mu ruga. Ina cikinsu. Kafin shekara ta zagayo ta tattara ta koma ƙauye, can ta rasu. Har yau ina nema mata gafara a sujada, ina nema wa kaina.

Kada ku ce hoto da labari ba su da hannu a irin wannan. A Turai, injin ɗab'i bai daɗe da fitowa ba aka buga littafin farautar mayu na Heinrich Kramer wajen 1487, aka yi ta maimaita bugunsa. Masu sassaƙa katako suka bi da hotuna, irin wanda Hans Baldung, almajirin Dürer, ya buga a 1510 na mata tsirara a daji da tukunya da bunsuru. Da haka aka kafa wa jama'a kamannin mayya a ido. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa mutum 40,000 zuwa 60,000 aka kashe da wannan zargi, akasarinsu mata. Sai a 1799 Francisco Goya na Sifaniya ya juya makamin, ya fitar da hotuna 80 da ya ci da ruwan asid a farantin jan ƙarfe, da yawansu na mayu da dodanni, amma jahilci da camfi da malaman coci masu ci da tsoron mutane yake yi wa tsiya. A ɗaya daga ciki mutum ne ya kifa kai a tebur yana barci, mujiyoyi da jemagu sun taso masa ta baya. Sana'a ɗaya, wancan ya hura wuta, wannan ya zuba ruwa. Kuma abin bai wuce ba. A Gambaga ta arewacin Ghana akwai matsugunin matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita, a 2020 kuma aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 dukan da ya kashe ta a Kafaba, mutane suna tsaye suna ɗauka a waya. Dokar laifuka ta Najeriya ta haramta zargin mutum da maita, amma nawa ne cikin masu karanta ku suka san haka?

Don Allah, idan za ku rubuta maita, ku gwada tsayawa sau ɗaya a cikin ɗakin tsohuwar lokacin da take jin hayaniya tana matsowa. Ku bar mu mu ga wanda ya fara kiran sunanta da abin da yake nema a wurinta, gona ce ko gado ko tsohuwar gaba. Ku kuma masu zana bango, ku karanta labarin kafin ku buɗe manhaja, ko da babi uku ne, ku daina ce wa na'ura ta haɗo muku "hoton tsafi", don abin da Turawa suka zuba mata shi za ta amayo muku. Ƙungiyoyinku na marubuta kuma su riƙa gayyato malaman addini da na tarihi da tsofaffin gari a zauna a yi tambaya.

Yarinyar nan mai bunsuru, na roƙe ta ta ba ni kwana uku. Na ɗauko guntun roba mai kauri da tsohuwar rezata, abin da na daɗe ban yi ba. Na sassaƙa tsamiya guda, rassanta sun rufe sama, a gindinta tulu a kife da takalmin yaro ƙafa ɗaya, don a babi na tara ɗan matar ya fita ɗibar ruwa da magariba. Na shafa baƙar tawada, na ɗora takarda, na murza da bayan cokali, na ɗaga. Da ta zo na miƙa mata ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta matsar da takardar nesa da ita kaɗan, ta ce, "Baba, wannan ai tsamiyar bayan gidan kakata ce." Da ita muka buga kwafi 500.

Wassalam.

Naku,
Wani mai aikin ɗab'i a birnin Kano